Littafin Arban ya kumbura min leɓe: ni ne ban iya ba, ko littafin ne ba namu ba?

Ɗan Birged: Salama gare ku 'yan uwa mabusa. Don Allah manya a ba ni shawara. Shekarata uku ina busa tirampet a birged ɗin cocinmu a Kaduna. Waƙoƙin maci da na sujada duk ina bi, ba laifi. Damuwata ita ce da na yi minti ashirin ko talatin sai leɓena ya mutu, iska ce kawai ke fita fuuu, G ta sama kuwa sai dai in hango ta daga nesa. Wani ya turo min littafin Arban, na koyon busa, a waya, ya ce shi ne maganin komai. Na je shagon kwamfuta aka buga min wasu shafuka, na fara da manyan darussan nan goma sha huɗu na can wajen ƙarshe, don su na ji ana busawa a YouTube. Kwana tara ina fama da na farko, awa biyu kullum in na dawo daga aiki. Yau da safe na duba madubi, leɓen sama ya kumbura, ga zoben bakin busa, wato ƙarfen da ake ɗorawa a leɓe, ya fito ja kamar an buga min hatimi, ta ciki kuma haƙori ya yanke ni. Ko shayi da ƙyar na sha. In ci gaba har ya saba, ko in jefar da takardun?

Tsohon Saje: Ɗana, ajiye ƙahon nan yau, ka mayar da shi akwatinsa, kada ka taɓa shi sai kumburin ya sace kuma yankan ya warke. Kwana uku ko huɗu ba za su kashe ka ba. Sannan ka faɗa min, wa ya ce maka a can ake farawa? Ka fara gini daga rufi, kana mamakin ya faɗo maka a ka.

Kunne Ya Isa: Hahaha, ga irinta nan. Ni shekarata goma sha bakwai ina busa a bukukuwa a Jos, ban taɓa buɗe Arban ba, ban san ma kalar bangonsa ba. In mawaƙi ya ɗauko waƙa, kafin ya kai amshi na kama. Littafin da Bature ya rubuta tun kafin a haifi kakan kakana, me zai koya min a kan kiɗan da Ngas ko Birom za su taka rawa da shi? Ƙanena, ka saurari mabusan tirampet E. T. Mensah na Ghana da Victor Olaiya na Najeriya, ka bi su da kunne, ka bar takarda ga masu takarda.

Malamar Waƙa: Sannu Ɗan Birged, Allah ya sawwaƙe. Kafin gardama ta yi nisa bari in faɗi abin da littafin yake, don na lura mutane da yawa suna ajiye shi a waya ba su san tsarinsa ba. Jean-Baptiste Arban mutumin Faransa ne, an haife shi a Liyon a 1825, ya rasu a 1889. Konet yake busawa, ƙanwar tirampet mai taushin murya, kuma ya koyar a makarantar kiɗa ta Paris. Littafin ya fito a 1864. Shafinsa ya haura ɗari uku, kuma a jere yake kamar matakala. Farkonsa dogayen sauti ne, ka riƙe guda ɗaya ka ƙirga huɗu. Daga nan sarrafa harshe, sai sauya sauti da leɓe ba tare da harshe ba, sai hawa da sauka a kowane maɓalli, sai adon sauti, sai harshe biyu da harshe uku. Waɗannan goma sha huɗun da ka faɗa wa, jarrabawa ce ta wanda ya riga ya bi duk wancan. Kowane layi a cikinsu yana tambayarka abin da aka koyar shafi ɗari baya. Kai kuma ba ka zauna ajin ba, sai ka biya bashin da leɓenka.

Ɗan Birged: Malama na gode. Gaskiya na leƙa shafukan farko, na ga abin yara ne, C da G dogaye. Na ce ai na wuce nan.

Tsohon Saje: Ba ka wuce ba. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya a badujalar 'yan sanda ban wuce ba. Bari in ba ka labarin shigata. Wata shida na farko ba a ba mu abu mai madanni ba sam, begila aka miƙa mana. Begila ba ta da abin dannawa, sauti biyar take bayarwa, kuma duk biyar ɗin daga leɓe da iska da harshe za ka fitar da su. Da asuba muke jeruwa a bayan bariki muna fuskantar katanga, mai koyar da mu yana zagayawa da 'yar sanda. In ya zo kanka sai ya ja begilar daga bakinka kana cikin busa, ba sanarwa. In ta taho masa da sauƙi, ya wuce. In ya ji ka manne ta da ƙarfin hannu, ranar ka sha tsallen kwaɗo. Mun tsine masa a zuci ba adadi. Amma duk wanda ya fito daga hannunsa yana iya yin fareti awa uku cikin rana bakinsa bai mutu ba.

Ciwonka ɗaya ne, kuma na gane shi tun daga zoben da ka ce. Kana hawa sama da ƙarfin hannun hagu. In sauti ya ƙi fita sai ka ƙara danna ƙarfen a kan leɓe. Leɓe nama ne, yana tsakanin ƙarfe da haƙori. Ka matse shi jini ya daina zagayawa, ya kumbura, kumburarre kuma ba ya kaɗawa, sai ka ƙara dannawa. Haka za ka yi ta zagaye har ka ji wa kanka ciwon da ba ya warkewa da wuri.

Kunne Ya Isa: Baba Saje ranka ya daɗe, ai ka goyi bayana ba ka sani ba. Begila da katanga suka koya maka, ba littafi ba.

Tsohon Saje: A'a yaro, kada ka sa min magana a baki. Abin da muka yi da begila yana nan a rubuce cikin Arban, sashen sauya sauti da leɓe. Bambancin kawai, tirampet begila bakwai ce aka haɗe wuri ɗaya. Ba ka danna komai ba, begila ɗaya ke nan. Danna madanni na biyu, ka ƙara wa bututun tsawo, sauti ya sauka rabin taki. Na farko taki ɗaya, na uku taki ɗaya da rabi. In ka haɗa su ka sami bakwai: babu, 2, 1, 1 da 2, 2 da 3, 1 da 3, sai duka ukun. Littafin yana sa ka bi kowacce ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ka fi so kaɗai ba. Kai da ke busa da kunne, faɗa min tsakani da Allah, a maɓalli nawa kake busa? In mai jita ya ɗauko waƙa a E, wanda a wurinka ya zama F#, me kake yi?

Kunne Ya Isa: Sai in ce wa mai kibod ya danna abin sauya maɓalli mana 😂 Me ya yi zafi?

Malamar Waƙa: To ka gani. In kuma ranar babu kibod, jita ce da mawaƙiyar da muryarta nan ta zauna? Amma ni ba na so a mayar da Kunne Ya Isa abin dariya, don yana da abin da yawancin ɗalibaina ba su da shi. Na sha ganin yaron da zai karanta shafi guda ba kuskure, ka rufe takardar ka ce ya busa waƙar da mahaifiyarsa ke yi tana daka, ya tsaya yana kallonka. Wannan ma gurguntaka ce. Sai dai maganar cewa masu kunne ba sa bin darasi ba haka take ba. Miles Davis, gwanin tirampet na kiɗan jaz a Amurka, ya ɗauki darasi wurin William Vacchiano a makarantar kiɗa ta Juilliard da ke New York, shi kuma Vacchiano ɗalibin Max Schlossberg ne, mai littafin atisayen yau da kullum da aka buga a 1937 bayan rasuwarsa. Wynton Marsalis ya ci kyautar Grammy a jaz da kiɗan gargajiyar Turai duk a shekara ɗaya, 1984. Hugh Masekela ma da ya bar Afirka ta Kudu makarantar kiɗa ta Manhattan ya shiga, kuma ba wanda zai ce busarsa ta daina ƙamshin gida.

Jikan Sarkin Busa: Assalamu alaikum. Ni ba tirampet nake busawa ba, gidanmu gidan kakaki da algaita ne, na shigo zauren nan ne don sha'awa. Amma abin da Baba Saje ya faɗa ya ba ni dariya, don haka aka yi mana. Kakaki ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, ba rami ba madanni, kuma ba a busa shi sai don sarki. Sautinsa kaɗan ne ƙwarai, amma sai yaro ya daɗe yana fama kafin a yarda ya tsaya a ƙofar fada, don sai ya iya sa shi ya faɗi kirari yadda mai ji zai gane maganar. Algaita kuwa da tsinke da ƙwaryar ruwa aka fara min: ka yi ta hura kumfa kada ta yanke, kana jan numfashi ta hanci, kumatu na tura iskar da ka tara. Wata nawa ina wannan kafin a ba ni algaitar kanta. Mu ma muna da namu Arban ɗin, ba a rubuta shi ba ne kawai. Wanda ya ce ya iya ba tare da maimaita abu mai gundura ba, ya manta ne.

Kunne Ya Isa: Wannan na yarda da ita. Amma kai a wurin kakanka ka koya, yana kallon bakinka. Shi wannan yaron PDF ne malaminsa. PDF zai ce masa "dakata, kana dannawa"?

Tsohon Saje: Yau ka faɗi gaskiya. Shi ya sa ni ba zan ce ya koma Arban kai tsaye ba ma. In bakinka ya warke, ɗana, nemi ƙaramin littafin Herbert L. Clarke na 1912, mai kashi goma. Clarke shi ne babban mai busa konet a ƙungiyar John Philip Sousa a Amurka, mutumin da ya yi rayuwarsa yana busa a gaban jama'a dare da rana, ya san abin da ake nufi da gajiyar baki. Kashi na farko daga F# ta can ƙasa yake farawa, ka hau rabin taki rabin taki zuwa C ka sauko, ka maimaita cikin numfashi ɗaya. Kuma an rubuta a busa shi a hankali ƙwarai, can ƙasa-ƙasa kamar raɗa. Mutane suna tsallake wannan umarnin, su busa shi kamar suna kiran fareti, sannan su ce bai yi musu amfani ba. Hikimar tana cikin raɗar. Ba za ka iya busa raɗa da leɓen da ka matse ba, sautin yankewa zai yi. Ka ga ke nan littafin da kansa yana ce maka "dakata", in dai ka bi abin da aka rubuta.

Ga yadda zan so ka yi. Ka sa metronom na waya, wato abin da ke buga maka ƙidayar lokaci, a 60. Layi ɗaya, ka cire ƙahon daga baki, ka huta daidai tsawon lokacin da ka busa. Ka cire shi gaba ɗaya nake nufi, ka ɗora a cinya, jini ya koma. Sannan layi na gaba. In ka kai inda sai ka danna kafin ya fita, nan ne iyakarka ta yau, ko da layi na tara ne. Gobe ma rana ce. Yatsu kuma a buga su da ƙarfi har ƙasa, ko da busar raɗa ce. Yatsa mai kasala shi ke sa ka ji wani ƙazamin sauti tsakanin sauti biyu, musamman in na uku ya shigo, don ɗan yatsan kusa da ƙaramin nan malalaci ne tun haihuwa.

Minti ashirin da safe, ashirin da yamma, sun fi awa biyun nan naka a zama ɗaya.

Ɗan Birged: Baba na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Amma minti arba'in kacal? Ina ganin kamar wasa ne. Muna da babban taro watan gobe, ni aka ba sashen sama.

Malamar Waƙa: Ka je ka ce wa shugaban ƙungiyarku ya ba ka murya ta biyu a wannan karon. Ba abin kunya ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Louis Armstrong da kansa ya sha fama da fashewar leɓe saboda yawan hawa sama da ƙarfi, har ya ajiye busa na wani lokaci a shekarun 1930. Freddie Hubbard ya ji ciwo a leɓe a 1992, ciwon ya ruɓe, kuma busarsa ba ta koma yadda take ba har ya rasu. Waɗannan fa gwanayen duniya ne. Gani ga wane.

Na Damagaram: Barkanku da hira. Ni daga Zinder nake, na yi busa a fanfar, wato badujala, kuma Arban ɗin da muka yi aiki da shi na Faransanci ne. Akwai abu biyu da nake so in ƙara. Na farko maganar harshe. Arban ya rubuta "tu" don fara sauti, "tu-ku" don harshe biyu, "tu-tu-ku" don harshe uku. Amma "u" na Faransanci ba irin namu ba ne na tuwo. Yana tsakanin "i" da "u", harshe na gaba, kusa da haƙora. In Bahaushe ya karanta shi da "tu" na tuwo sai harshen ya koma baya, sautin ya yi nauyi. Gara ka yi tunanin "ti" amma leɓe a tattare.

Na biyu, kuma wannan mu Hausawa kaɗai ya shafa: kada ka kuskura ka yi "ƙu" mai ƙugiya. Na ga yara da yawa suna yi ba su sani ba. Ɗora hannu a maƙogwaro ka ce "ƙasa", za ka ji ya rufe kafin harafin ya fito. To in ka yi haka cikin busa ka datse iskar daga tushe, sai ka ji tuk, ƙuk, tuk, ƙuk kamar kaza ta haɗiyi tsakuwa. "K" na kaza ake so, ba na ƙasa ba. Ni abin da nake sa yara, su yi ta faɗin "tukuna tukuna tukuna" suna tafiya a hanya, sannan su jefar da "na" ɗin.

Jikan Sarkin Busa: Kaza ta haɗiyi tsakuwa 😂😂 wallahi na gwada yanzu, maƙogwaron rufewa yake yi. Shekara arba'in ina magana ban taɓa lura ba.

Malamar Waƙa: Na Damagaram, wannan zan sace ta in kai aji, ka yafe min. Abin da zan ƙara kawai, "ku" ɗin a ware shi a yi shi shi kaɗai. Ka ɗauki layi mai sauƙi ka busa shi duka da ku-ku-ku, a hankali, har ya daina jin kunya kusa da "tu". Zai yi muni sati biyu ko uku. Amma Ɗan Birged, wannan ba naka ba ne yanzu, ka ji dai ka ajiye.

Kunne Ya Isa: To masu littafi, ga tambaya. A wani bidiyo na ji an ce Arban ya ce bakin busa ya zauna kashi biyu cikin uku a leɓen ƙasa. Wani kuma ya ce a'a, a na sama. Ni nawa a gefe ma yake, don haƙorina ɗaya ya karkace. Wanne ne gaskiya, tunda littafi ba ya ƙarya?

Na Damagaram: Duka biyun an rubuta. Arban ya ce kashi biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Saint-Jacome, wanda shi ma Bafaranshe ne na zamaninsa mai nasa babban littafin, ya ce kashi biyu a sama. Kowa ya faɗi abin da ya karɓi bakinsa ne. Shi Arban ɗin ma ya yarda abin ya danganta da yanayin baki da haƙoran mutum. In naka yana fita da kyau a gefe shekara goma sha bakwai, wa zai ce ka matsar?

Kunne Ya Isa: Alhamdu lillahi, ashe manyan ma ba su daidaita ba. Na samu hujja.

Tsohon Saje: Ka samu hujjar ajiye bakin busa inda kake so. Ba ka samu hujjar gudun F# ba.

Admin: Jama'a a ci gaba amma a yi hattara da zolaya, kada ta koma faɗa kamar ta wancan satin. Wanda ya turo tallan sayar da fili kuma na goge, nan ba wurinsa ba ne.

Ɗan Birged: Wata matsalar kuma, gidan haya nake, ɗaki ɗaya. Matar mai gidan ta riga ta yi min magana sau biyu, ta ce jaririnta ba ya barci. In na ce safe da yamma zan yi, kora ce za ta biyo baya. Na ga ana sayar da abin toshe bakin ƙaho na atisaye, yana da amfani?

Malamar Waƙa: Yana da amfani in ba yadda za a yi, amma kada ya zama kullum. Yana tare iska, sai ka saba turawa da ƙarfi, ranar da ka cire shi ka ji kamar ba ƙahonka ba. Kuma yana ɓoye maka ainihin muryarka, alhali ita kake son gyarawa. Dabarar da na yi ina ɗaliba: in buɗe kwabar kaya in tura bakin tirampet tsakanin riguna. Ga shi kuma Clarke ɗin da Baba ya ba ka raɗa ne, in ka yi shi daidai jaririn ba zai ma motsa ba. In ya farka, ka san ka yi ƙarfi. Ka samu malami kyauta ke nan.

Tsohon Saje: Ni da azumi ma ba na fasawa, sai dai in sauya. Da rana baki a bushe, ba na busa. Ina riƙe ƙahon in buɗe Clarke kashi na biyu in yi ta danna madannai da metronom, ina hura iska ta baki kawai ba tare da na ɗora shi ba. Bayan tarawihi in yi minti ashirin na gaske. Sau da yawa bayan salla sai in ga yatsuna sun fi kafin azumi gudu.

Tunda hunturu ya kusa, a kula da abu biyu. Leɓe na fashewa, a shafa man kaɗanya da dare, amma a goge shi tas kafin busa, in ba haka ba bakin busa ya yi ta zamewa, maiƙon kuma ya bi bututu ya haɗu da ƙura ya zama laka. Madannai kuma a sa musu mansu na ainihi. Mu a da har kananzir mun sa don babu, warinsa ya bi ka har gida. Amma man gyaɗa ko na inji, kul. Na taɓa karɓar ƙahon wani yaro da ya sa man gyaɗa, madanni na biyu ya kafe kamar an yi masa siminti, kwana biyu ina jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu.

Kunne Ya Isa: Ni fa har yanzu abin da ke damuna da tsarin nan naku, ina daɗin? Yaro ya shigo busa don yana son waƙa, kun haɗa shi da ƙirga huɗu da raɗa. Wata uku ya gaji ya sayar da ƙahon ya sayi waya.

Malamar Waƙa: Nan kam ina tare da kai ɗari bisa ɗari, kuma masu littattafan ma suna tare da kai. A bugun Arban da aka fi samu akwai waƙoƙi 150 da aka tara don koyon yadda ake furta jimla, da wasu 68 na mutum biyu. Masu tirampet kuma sun ari darussan Giuseppe Concone, wanda malamin rera waƙa ne ɗan Italiya, bai rubuta su don ƙaho ba sam. Sun are su ne don a koyi busa kamar ana rerawa. Ni duk ɗalibin da ya zo, sai ya rera layin da bakinsa kafin ya ɗaga ƙaho. In bai iya rera shi ba, yatsu ne kawai za su yi ta lalube. Saboda haka Ɗan Birged, kowane zama ka rufe shi da waƙa ɗaya da kake so, daga littafin waƙoƙin coci ko wadda ka ji a rediyo, da ka, ba takarda. Gobe ka ɗaga ta rabin taki ka sake nemo ta. Kwana goma sha biyu ka zagaye maɓallan duka. Ka ga ka ci na Baba Saje, ka ci na Kunne Ya Isa.

Kunne Ya Isa: Wannan zan iya gwadawa, tunda ba takarda. Kada dai a gaya wa mai kibod ɗinmu.

Ɗan Birged: Salama jama'a, na dawo bayan kwana goma sha shida. Na huta kwana biyar cur, yankan ya rufe. Na karɓi murya ta biyu, shugabanmu bai ma yi faɗa ba. Ina yin Clarke kashi na farko da safe cikin kwaba, yanzu ina kai layi na goma sha ɗaya kafin in ji hannuna ya fara jawo ƙahon. Da yamma shafukan farko na Arban da na raina, sai waƙa ɗaya. Abin da ya ba ni kunya, C ɗin nan mai ƙirga huɗu da na ce ta yara ce, da na ɗauki kaina a waya na saurara, rawa take yi kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Ranar Lahadi na yi sujada gaba ɗaya bakina bai mutu ba, ko da yake ban hau sama ba. G ɗin tana nan inda na bar ta. Jaririn ya farka sau ɗaya.

Tambaya kuma: D ta ƙasa da C# in na busa su tare da kibod sai in ji sun ɗan haye, ba su zauna ba. Ƙahon ne ya lalace?

Na Damagaram: Lafiyarsa ƙalau, kunnenka ne ya fara buɗewa. Kowace tirampet haka take. Tsawon bututun kowane madanni an auna shi ne don ya yi aiki shi kaɗai. In ka haɗa 1 da 3, ko duka ukun, tsawon da aka ƙara bai kai abin da ake bukata ba, sai sautin ya ɗan haye sama. Shi ya sa aka sa zobe a bututun madanni na uku. Tura shi waje da yatsan hagu in ka zo D, ka ƙara turawa in ka zo C#, ka jawo shi in ka wuce.

Ɗan Birged: Au, wannan zoben aikinsa ke nan? Ni na ɗauka wurin riƙewa ne. Nawa ko motsi ba ya yi, ina jin tun da aka sayo shi ba a taɓa ja ba.

Tsohon Saje: Kada ka sa masa filaya, za ka lanƙwasa shi ka jawo wa kanka asara. Ɗiga masa mai a mahaɗar, ka bar shi ya kwana, da safe ka zura tsumma ta cikin lanƙwasar ka ja a hankali, ka danna madanni na uku kana ja. In ya ƙi, ka kawo min shi ranar Asabar bayan la'asar, ina nan Kaduna, zan turo maka kwatance ta akwatin sirri. Ka taho da takardun naka, ina so in ji wannan C ɗin da kunnena.